Sun Sa wa Mama Koren Lulluɓi

Asabar, 13 ga Afrilu

Na koma aiki bayan hutun Sallah. Sun cire dodon roba da ke bakin jirgin gangara a filin wasan da nake aiki. Kansa na yashe a bayan banɗakin ma'aikata, baki buɗe, wani ya cusa masa kwalin taba a haƙori. Shekara da shekaru ina miƙa wa mutane rigar leda a ƙarƙashin haɓarsa. Ban taɓa sonsa ba, amma dai shi bai taɓa cewa shi gaskiya ne ba.

Aka tara mu a rumfar layi, mu masu aiki a jirgin gangara, wanda inji ke ja sama ya sako shi cikin ruwa da mutane a ciki. Wata yarinya da kamfani ya turo daga birnin Hangzhou ta yi mana bayani, Malama Qiu, wai mai tsara labari ce. Ban san sana'a ce ba. Siririya, takalminta fari ƙal a cikin wannan caɓi. Ta ce hanyar ruwan tana nan yadda take, jiragen su ne dai, gangarar ita ce dai, labarin kaɗai aka sauya. Caixia, wadda muke goge kujeru tare, ta raɗa mini: "Kwanon jiya, sabuwar miya. Ko an wanke kwanon?"

Sai yarinyar ta ce sabon sunan Mai Fiton Rawayen Kogi. Wai labarin gaske ne na nan yankinmu: wani mai fito da jirgin salka, da matarsa, da ranar da kogi ya yi fushi. Ta ce sunan mai fiton Zhankui, matar kuma Yinhua.

Ina riƙe da tsumma. Na ci gaba da riƙe shi.

Sunan Baba ne da sunan Mama.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na dafa wa Baba taliya, ya ce gishiri ya yi yawa. Na kasa kallon fuskarsa.

Litinin, 15 ga Afrilu

Ban yi wahalar nema ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai yi wannan. Na samu ƙanena Wenlu a tashar motocin 'yan yawon buɗe ido yana wanke motarsa. Da ya hango ni ya kashe famfon, ya san me ya kawo ni.

Wai bara ya ɗauko mutanen kamfanin daga Lanzhou, suna ta tambayar ko akwai tsohon labari a nan, sai hira ta yi daɗi. Daga baya suka kawo masa takarda ya sa hannu da sunan iyali.

Na ce, "Wane iyali? Ni ba iyali ba ce? Baba fa?"

Ya ce, "Yaya, da na tambaye ki me za ki ce?"

"A'a."

"To kin gani."

Har da murmushi. Allah Ya yafe mini, na so in kwaɗa masa bokitin nan. Na ce ka sayar da gawar uwarka ga masu lilo. Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Wace gawa? Akwai gawa ne?" Ya juya ya kunna famfo. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ke kin san muryarta. Ni ko sunanta ban taɓa ji an faɗa a gidanmu ba. Yanzu za a faɗe shi da lasifika."

Abu ɗaya muka yarda a kai: kada Baba ya ji. Likita ya riga ya ce zuciyarsa ba ta son girgiza.

Talata, 16 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko don ya zama akwai wuri ɗaya da yake daidai.

Ina da shekara bakwai. Baba ne mai fito a mashigarmu. Jirginsa salkunan fatar tumaki ne da yake hurawa da bakinsa, ya ɗaure su a ƙarƙashin sandunan katako. Ran nan ya ɗauki Mama da Wenlu, yana jariri, za ta gaishe da mahaifiyarta a ɗaya gaɓar. A tsakiya salka ta fashe a jikin dutse, jirgi ya kife. Baba ya cafke jaririn. Hannu biyu gare shi, ɗaya na jariri, ɗaya na iyo. Ba a ga Mama ba. Maza sun bi kogin har suka gaji. Ba wanka, ba likkafani, ba kabari.

Tun ranar bai sake zuwa bakin kogi ba. Ya koma gyaran takalma. Kujerarsa a gida ta ba tagar kudu baya, don daga nan ake hango ruwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan soya gurasar mai in raba wa maƙwabta, liman ya zo ya yi karatu, Baba ya zauna shiru har a shafa. Bai taɓa kiran sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce "uwarku".

Shi ke nan. Ba shi da kiɗa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Yau aka sa ma'aikata mu hau don gwaji. Na ce kaina na ciwo, shugaban layi ya ce kowa sai ya san abin da yake sayarwa.

Jiragen nan dai namu ne na dā, an manna musu salkunan roba a gefe. Ruwan ma shi ne, da warin maganinsa, sun zuba masa kala ya yi rawaya. Ana shiga duhu sai wata murya ta fara, ta wani da bai taɓa shan ruwan garin nan ba amma yana kwaikwayon harshenmu, yana jan magana kamar mu duka wawaye ne. Ga mutum-mutumi na mai fito, ƙirji a waje, jiki kamar ɗan dambe, yana waƙa. Baba da ko a lokacin girbi ba ya cire riga a gaban mutane. Ga matar tana masa dariya, kanta na juyawa dama da hagu, ana jin ƙarar injin a wuyanta.

Sai hadari. Fitilu na walƙiya, ana fesa mana ruwa, muryar tana kiran sunan Mama, tana kira, tana kira, bel ɗin inji yana jan mu sama. Daga can ƙololuwa aka sake mu. Daidai nan kyamara take. Wato wurin da jirgin ya kife shi ne wurin da ake ɗaukar hotonka kana ihu da dariya, ka saya a ƙofar fita.

Bayan faɗuwar ruwa ya kwanta, haske ya yi ja kamar almuru, sarewa na tashi. A ɗaya gaɓar ga ta nan tsaye, lafiya lau, ko jiƙewa ba ta yi ba, tana ɗaga hannu. Muryar ta ce, "Kogi ya mayar da abin da ya ara."

Kuma sun sa mata koren lulluɓi. Kore. Yaron da bai iya tsarki ba ma a garin nan ya san kore na budurwa ne, matar aure baƙi take sawa, tsohuwa fari. Uwar 'ya'ya biyu, sun mayar da ita yarinyar da ba a ɗaura wa aure ba, da jariri ko babu. Babu jaririn ma a labarin gaba ɗaya. Ashe Wenlu bai gaya musu da shi a jirgin ba.

Caixia ta fito tana matse gashi tana cewa, "Kai, mai fiton nan, da haka mijina yake da ban zo aiki ba." Ta ga fuskata ta ce, da sunan gidanmu yadda ake kirana a wurin aiki, "Yaya Hai, amai za ki yi? Tsufa ne." Na tafi bayan rumfa na yi aman kuwa.

A ƙofar fita an riga an jera 'yan salkuna na maƙala makulli, da alewa mai siffar sandar tuƙin jirgi.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Na yi wanka sau biyu, warin ruwan bai bar hancina ba.

Malamarmu ta makarantar mata a masallaci, Allah Ya jiƙanta, takan ce ƙarya ko ta raha ce ana rubuta ta. To wannan fa, da za a maimaita daga safe zuwa yamma, jirgi bayan jirgi? Kuma ni ce mai miƙa rigar leda.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na je wurin Malama Qiu. Na shirya maganata tun a bas, da na shiga ofishin sai muryata ta ƙanƙance kamar kullum. Da na faɗi ko ni wace ce ta miƙe tsaye, ta zuba mini shayi da hannu biyu, tana ta "Goggo Hai, Goggo Hai". Ba ta sani ba. Wenlu ya ce musu duk dangi sun yi murna.

Na ce a cire sunayen. Ta ce an riga an naɗi murya, an buga alluna, saura kwana kaɗan a buɗe. Na ce to a faɗi gaskiya, ba ta haye ba.

Ta ce da farko haka ta rubuta. Gaɓar babu kowa, sai lulluɓi a kan ruwa. Suka gwada da wasu iyalai, yara suka fito suna kuka, shugaban kamfani ya ce ba mai sayen gasasshiyar masara bayan mutuwa.

Na ce, "Ai da kun bar dodonku."

Abin da ta ce ya tsaya mini, ba don na yarda ba. Wai mutum yakan yi dogon layi a rana don faɗuwar da ba ta kai numfashi uku ba. In babu labari, guga ne kawai aka jefa rijiya da mutum a ciki. Lokacin dodo kowa sandar gabansa yake riƙewa, ya yi ihu, ya fita ya manta. A gwajin wannan kuwa ta duba hotuna, ta ga mutane suna riƙe na kusa da su. "Goggo, labarin ne yake gaya musu abin da za su ji tsoron rasawa."

Na ce, "Uwata ce abin."

Ta sunkuyar da kai. Na roƙi abu ɗaya, ko lulluɓin a mayar baƙi. Ta ce ta gani a littafi, ta sani, amma baƙi ba ya fitowa a wannan haske, sai ta zama kamar inuwa, mutane su ɗauka fatalwa ce.

Ta sani ashe. Wannan ya fi ƙona mini rai a kan a ce jahilci ne.

Ta raka ni har ƙofa. Yarinyar kirki ce, abin haushin ke nan.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Sun liƙa tallar a jikin bas mai bi ta ƙofar gidanmu. Fuskar robar nan da koren lulluɓi, girmanta ya kai ƙofa. Na sauya wa Baba lokacin fita shan iska.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na ɗauke wayar Baba na ɓoye a tukunyar gari, saboda gajerun bidiyon nan da yake kallo bayan la'asar, tallar ta fara yawo a ciki. Ya tambaya, na ce ta lalace na kai gyara.

Na ce ta lalace. Da bakina. Ya ce, "To, Salimai," da sunan da yake kirana tun ina ƙarama, bai ko ɗaga kai ba, don bai taɓa jin ƙarya daga gare ni ba.

Ƙaryarsu ta haihu a gidana. Astagfirullah.

Laraba, 1 ga Mayu

An buɗe. Jama'a kamar an fasa gidan tururuwa. Sun ba mu riga mai kama da ta masu fito, da ɗamara ja. Na sa a kan doguwar rigata, na zama abin dariya, Caixia ta ce na yi kama da buhun dankali da aka ɗaure da kyau.

An ba mu kalmar da za mu riƙa faɗa wa duk wanda ya sauko: "Kun haye lafiya." Ni dai ina motsa baki ne.

Samari suna fitowa suna kwaikwayon muryar, suna kiran "Yinhua, Yinhua" suna tura juna. Wani ya kira budurwarsa da shi, ta dake shi da jaka. Wata mata mai ƙiba ta fito tana share hawaye da rigar leda, ta sayi hoton, ta sayi masara. Shugaban kamfanin ya san aikinsa.

Wata yarinya ƙarama ta ja ɗamarata ta ce, "Goggo, da gaske ne matar tana nan?" Uwarta na kallona. Na ce mata ta kula da santsi.

Na dawo gida ƙafafuna sun kumbura. Baba ya ce ina warin asibiti.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ya ji.

A masallaci. Ni da na tsare bas, na tsare waya, na manta da tsofaffi. Bayan an idar Tsoho Shan ya nuna masa a wayarsa, a gaban kowa, wai "Zhankui, ashe haka ƙirjinka yake ka ɓoye mana? Ka zama tauraro, sai ka yanka mana rago." Matar Shan ce ta zo ta gaya mini, tana ba da haƙuri, wai sun ɗauka da saninsa.

Ya dawo ya cire farar hularsa ya ajiye, ya zauna a kujerarsa. Na kawo shayi da dabino a ciki yadda yake so. Ya riƙa kaɗa ganyen da murfin kofin, bai sha ba. Ina tsaye ina kallon leɓɓansa ko sun sauya launi, maganinsa a tafin hannuna.

Ya ce, "Wayar tawa ba ta gyaru ba?"

Na je na ciro ta daga tukunyar gari, na goge, na ajiye a gabansa. Ya dubi garin da ya maƙale a jikinta. Da ya zage ni da ya fi.

Can ya ce, "Ki kai ni."

Asabar, 4 ga Mayu

Na ce ba a barin masu ciwon zuciya, akwai allo a ƙofa, wannan kam gaskiya ne. Ya ce shi bai iya karatun allo ba.

Na kira Wenlu na ce zo ka kashe wutar da ka kunna. Ya zo da kankana. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar kuɗin lantarki. Baba ya dube shi ya ce, "Kai ne mai bakin?" Ya ce, "Ni ne, Baba." "To kai za ka tuƙa mu." Magana ta ƙare, aka yanka kankana. Ni kaɗai ce mahaukaciya a gidan.

Litinin, 6 ga Mayu

Kullum da safe sai Baba ya sa takalminsa na fita ya zauna a bakin ƙofa, sanda a tsakanin gwiwoyi. Ba ya roƙo. In na wuce za ni aiki sai ya ce, "A dawo lafiya."

Idan ya mutu a cikin kwatamin nan, a gaban 'yar tsanar roba, da sarewa na tashi, me zan ce wa Allah? Me zan ce wa mutane? Mutumin da ya ƙi kallon kogin gaske ta taga.

Idan kuma ya mutu a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Na yi wa Malama Qiu magana.

Laraba, 8 ga Mayu

Mun je da sassafe kafin a buɗe ƙofa. Malama Qiu ta samo izini, ta kawo ma'aikaciyar jinya ta tsaya a wurin sauka. Ta rusuna ta gaishe shi, "Kaka Hai." Ya tambaye ta ko ta karya kumallo.

Na miƙa masa rigar leda, ya ture. Wai mai fito da rigar leda. Ya zauna a gaba, ni a bayansa na damƙe rigarsa da hannu biyu, Wenlu a bayana. Na yi bismillah, na karanta addu'ar hawa abin hawa, duk da ban tabbata wannan abu ya cancanci addu'a ba.

Da muka iso wurin ɗan damben nan mai waƙa Baba ya yi wani sauti a hanci. Ban san ko dariya ce ba. Da hadari ya taso aka fara kiran sunan sai na ji bayansa ya sandare a ƙarƙashin hannuna, kamar katako. Bel na jan mu sama, ina ta salati, ina cewa na kashe ubana, na kashe ubana. Wenlu ya kama kafaɗata har ta yi zafi.

Muka faɗa. Ruwa ya rufe mu.

Da na buɗe ido yana zaune daram, ruwa na zuba daga gemunsa, hularsa ta karkace. Jirgi ya shiga jan hasken nan. Ga ta can tana ɗaga hannu. Na sunkuyar da kai don kunya, ina so in ce masa Baba yi haƙuri, na roƙe su su sa baƙi.

Sai ya ce, "Wa ya gaya musu?"

Na ce, "Wenlu ne, Baba, ai ka sani."

"Wenlu bai san wannan ba. Ba wanda ya sani." Ya juya yana bin ta da kallo har jirgi ya wuce. "Ai wannan ba ranar ba ce. Wannan ranar farko ce."

A wurin sauka ya ƙi tashi. Ma'aikaciyar jinya ta zo da abin awo, ya miƙa mata hannu ba tare da ya kalle ta ba, yana magana. Wai yana saurayi, farkon kama fito, wata yarinya ta zo da goggonta za su kasuwar ɗaya gaɓar, da koren lulluɓi, da sabon takalmin zane da ta ɗinka da kanta. Don ya burge ta ya bi ta inda ruwa ke da ƙarfi, igiyar ruwa ta watso ta jiƙa takalmin. Da suka sauka ta hau gaɓa ta juyo ta ɗaga hannu.

"Ba gaisuwa take ba," in ji shi. "Zagina take. Ta ce Allah Ya sa salkunanka su ruɓe, ɗan banza mai idon akuya." Ya share fuska da tafin hannu. "Yinhua baki gare ta. Ke ba ki gado ta ba, Salimai. Wannan na bayanki ne ya gado ta."

Ya faɗi sunan. Haka kawai, kamar jiya ya bar faɗinsa.

Wenlu ya sauka ya tafi bayan rumfa, ya daɗe. Malama Qiu tana tsaye tana kuka, na ji haushinta, don ba nata ba ne. Ta ce, "Kaka, yaya ka ga labarin?" Ya ce, "Ƙarya ce tsagwaronta, 'yata. Ruwan ma bai iya tafiya ba. Za a sake zagayawa?"

Ban bari ba. Awon ya ɗan hau.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya kwana lafiya. Ya ci taliya kwano ɗaya da rabi.

Ni ban sauya ra'ayi ba. Kuskure ne ya faɗa daidai, kamar makaho ya jefa dutse ya sami tsuntsu. Ba don Baba suka sa kore ba, don haske suka sa. Har yanzu ana ɗaukar hoton mutane suna dariya a wurin da uwata ta nutse, har yanzu ana sayar da alewa. Yau wani ya yi amai a jirgi na huɗu, ni na wanke.

Lahadi, 12 ga Mayu

Wenlu ya zo da yamma, ba kankana, ya zauna a ƙasa kusa da kujerar Baba, ƙato da shi da furfura a gefen kai. Baba yana ba shi labarin yadda aka kai gaisuwar neman aure, da yadda kakanmu ya ce ba zai ba mai wari kamar tunkiya 'yarsa ba. Ina kicin ina jin su. Ban fito ba. Ban gama fushi da shi ba, kuma bai ba ni haƙuri ba.

Ranar kifewar ba wanda ya taɓo ta. Tana nan inda take.

Talata, 14 ga Mayu

Caixia ta ji komai daga wurin masu gadi. Ta zo ta tsaya kusa da ni tana murɗa tsumma, ta ce, "Abin da na faɗa kan mai fiton nan, ki ce wa tsoho ina neman afuwa." Na ce ba zan faɗa masa ba, kansa zai kumbura.

Mutanen kamfanin sun nemi in riƙa tsayawa a ƙofa ana hoto da ni, 'yar mai fito ta gaske, da ƙarin albashi. Na ce a'a, kuma a wannan karon muryata ta fita.

Juma'a, 17 ga Mayu

Zafi ya fara. Layin ya kai har wurin masu masara. Ruwan ya soma kore a gefe-gefe, na gaya wa shugaban layi, ya ce kala ce.

Bayan la'asar Baba ya sake ba da labarin yarinya mai takalmin zane. Ran Laraba goggonta ce ta rako ta. Yau yayarta ce. Ran nan kasuwa za su, yau biki. Har an samu wani kwandon ƙwai da babu shi a dā, wai ta jefe shi da ɗaya.

Na ajiye tiren shayi, na buɗe baki in ce Baba ba haka ka faɗa ba.

Na ce, "Ya same ka?"